Maratayin Bindigar Habu

Ƙanena Habu ya kira ni daga gida bayan la'asar, ina zaune bakin shago a unguwar Rusaifa, nan Makka, ina goga wa zare kaki. Wayata tsohuwa ce, sai na buɗe murya nake ji, don haka duk wanda ke wurin ya ji abin da ya ce.

"Yaya, maratayin bindiga nake so ka ɗinka mini. Igiyar da nake rataya ta da ita tana cin kafaɗa."

Na ce, "Yaushe ka fara riƙe bindiga?"

Ya ce, "Yaya, wa ya rage a garin nan bai riƙe ba?"

Samarin unguwa suna kan benci suna shan shayi kamar kullum. Mazin ne ya fara dariya. Jikan maigidan da ya koya mini sana'a ne, haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci, ammi yake ce mini, wato baffa. Ya ce, "Ya ammi, daga Najeriya har Makka saboda igiya? Ya cire bel ɗin wandonsa ya ɗaura mana, halas."

Suka yi dariya. Ban tanka ba a ranar. Yau zan tanka, sau ɗaya, tunda igiya kuke gani.

Sunana Isa. Baduku ne ni, ɗan baduku, daga wani ƙauye a kudancin Katsina, bakin daji. Ta ƙasa na zo Makka, ta Chadi da Sudan, sannan muka tsallako teku a jirgin katako. Ba duk waɗanda muka shiga tare ne suka sauka ba. Na yi aikin Hajji na zauna. Takari ke nan. Shekara talatin da ɗoriya ba ni da iƙama, takardar izinin zama, shagon da nake zaune ma da sunan baban Mazin yake. Kun san yadda abin yake ga irinmu. Ƙofar fita a buɗe take: ka miƙa kanka, a ɗauki zanen yatsunka, a sa ka a jirgi. Ƙofar dawowa ce babu, balle ga mai shekaruna. Matata Asabe a nan aka binne ta. Ni ma niyyata ke nan, a sallace ni a Harami, a sa ni a ƙasar da take ciki. Cikin 'ya'yan innarmu kuwa ni da Habu muka rage. Ranar da na bar gida ko gemu bai fara ba.

Da na shiga shagon Mu'allim Bakur a unguwar Jarwal, na ɗauka na iya aiki. Na ɗinka kube, na ɗinka takalmi, na ɗinka wa mafarautan garinmu jaka. Mu'allim Bahaushe ne haifaffen nan, kakansa ne ya zo da ƙafa. Ya duba ɗinkina, ya juya shi, ya ajiye. Sai ya sauko da wata bindigar katako daga bango. Shi ya sassaƙa ta, ya cusa mata ƙarfe a ciki har nauyinta ya kai na gaske. Makka ba garin ɗaukar makami ba ne, kuma bai taɓa yarda bindigar gaske ta shigo shagonsa ba. Da ta katakon ake awo. Ya ɗaura mata siririyar igiya irin ta shanya, ya rataya mini, ya ce, "Yi aikinka. Kar ka sauke sai za ka yi salla."

Na yini da ita. Ina yanka fata tana zamewa. Na sunkuya ɗaukar basilla ta buge ni a ƙeya. Zan shiga ɗakin fatu ta maƙale a ƙofa ta mayar da ni baya. Kafin magariba kafaɗata ta yi jawur, fata ta saluɓe.

Ya ce, "Me ka koya?"

Na ce, "Tana da nauyi."

Ya ce, "Gobe ma ka rataya."

Haka muka yi ta yi har na daina cewa nauyi, na fara cewa igiyar ta yi siriri, ta yi tsawo, kuma ba a ɗaure ta inda ya kamata ba. Ranar ce ya ba ni wuƙa.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙar yankan fata, dutsen wasa ta, basilla, zare mai kauri, kakin zuma, guduma ta katako, sai mahuji, ɗan ƙarfen da ake fasa rami da shi a jikin fata. Da ƙirgin bijimi ake yin maratayi, daga gadon baya, inda fata ba ta miƙewa. Fatar ciki taushi gare ta, tana yaudarar ido, amma in ta sha zufa sai ta ƙara tsawo. Wurin kafaɗa ana faɗaɗa shi, a yi masa shafi da fatar akuya, gefen da bai da santsi ya kalli jiki don kar ya zame. Ɗinki biyu ake yi a wurin zobe, kowanne da zarensa, in ɗaya ya tsinke ɗaya ya riƙe. Duk wannan mai haƙuri zai koya cikin shekara. Awo ne ba ya koyuwa da wuri.

Mu'allim ba ya tambayar mutum tsawonsa. Tsayar da shi yake yi, ya rataya masa bindigar katako, ya ce ya yi tafiya, ya tsuguna, ya ɗaga hannu, ya buɗe ƙofa. Kuma ba ya auna mutum cikin rigar zuwa biki. Sai ya ce, "Je ka sako abin da kake zama da shi a gida." In mai bindigar yana nesa, ya yarda a aiko da tsohuwar rigarsa a fitar da tsawo da faɗi. Tsohuwa, ba sabuwa ba. Ya ce sabuwar riga tela take nunawa, tsohuwa ce ke nuna mai ita. Amma ramukan da harshen ƙarfe ke shiga, waɗanda ke sa maratayi ya zauna daidai, waɗannan ba ya fasa su sai a jikin mai shi. Ko mutumin yana bayan Ɗa'ifa, sai ya zo, ko mu mu je. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Riga ba ta numfashi."

Abu Nayif ne mutum na farko da na auna da hannuna. Balaraben ƙauye ne, yana da garken tumaki a hanyar Ɗa'ifa, bindigoginsa biyu, duk da takardar izini. Ɗaya tsohuwa ce ta gado, wadda suke cika wa albarushi su yi tsalle su harba ƙasa ranar biki. Ɗayar ta gida ce, saboda karnukan daji da masu satar tumaki. Ya ce in yi wa duka biyun maratayi iri ɗaya, da tuntaye ja da kore da ƙusoshin tagulla.

Na ce, "Ta bikin zan yi mata. Ta gida a'a."

Ya dubi Mu'allim ya ce, "Wannan Takrunin naka shi ke sayen aikin ko ni?" Takruni suke ce wa irinmu 'yan takari.

Mu'allim ya ce, "Saurare shi, ya yini da ita a kafaɗa."

Na ce masa tuntu yana maƙalewa a marfin ƙofa. Tagulla tana ƙara, tana ƙyalli. Maratayin bindigar gida baƙi ake yi, ba ado, a ɗaure shi wuri biyu, gaba da baya. Ba don harbi ake yin sa ba. Ana yin sa don mutum ya saki bindiga ta zauna a ƙirjinsa, hannuwansa su ɗauki yaro, ko su tura sakata, ko su kira maƙwabta a waya. Wanda ba shi da maratayi, in zai yi ɗaya daga cikin waɗannan sai ya jingine bindiga a bango, a gidan da yara ke yawo. Abu Nayif ya ja gemu, ya ce, "Ɗayyib. Amma ta bikin ka cika mata tuntu har matan Ɗa'ifa su yi guɗa." Na cika mata.

Shi ne kuma ya dawo bayan wasu shekaru da tocila a hannu, ya ce in ɗinka mata gida a jikin bindiga. Fuskarsa ba daidai take ba. Ya ce ya ji motsi a garke, ya ɗaga bindiga, yatsansa na kan kunama, sai abin ya yi tari. Ɗansa ne, ya tsallako katanga don ya manta makulli. Ya ce, "Tari ne ya cece shi, ya Isa. Da bai yi mura ba fa?" Muka shiga ɗakin fatu da azahar, muka rufe ƙofa ya yi duhu. Na ɗaura tocilar a bindigar katako, na yi ta matsar da ita har babban yatsansa ya riƙa samun makunnin ba tare da ya saki riƙo ba. Daga ranar Mu'allim ya kafa doka: duk wanda ya zo neman maratayin bindigar gida, sai ya zo da tocilarsa. Wadda ba ta mutuwa in an girgiza ta, mai makunni ɗaya, ba mai rawar haske kala-kala ba. Wanda ya ce ba ya bukata, ya tafi wani shagon. Har yau a kan wannan nake. Mutumin da ba ka ga fuskarsa ba, ba ka san ko wane ne ba, ko da ka rantse.

Saiti ba aikina ba ne, ni fata na sani. Amma wanda ya shekara talatin yana ɗinka wa abu riga ya san jikinsa. Wani saurayi mai gona ya kawo darbil, madubin hangen nesa da ake ɗora wa bindiga, ya kusa kai taɓarya, ya ce a yi masa kube. Ya ce na tsaron gida ne. Mu'allim ya koma ƙarshen shago ya tsaya, ya ce, "Duba ni ta ciki. Me ka gani?" Ya daɗe yana nema, sannan ya ce, "Maɓallin riga." Mu'allim ya ce, "Na wa?" Saurayin ya yi dariya har ya zauna. Muka yi masa kuben, ya bar darbil don karnukan da ke kan dutse. Tsakar gida ba ta da nisa. Ɗan ƙarfen saitin da bindiga ta zo da shi ya isa, in ido ya tsufa a ɗiga masa farin fenti. Na ga masu jan ɗigon nan da kuke nuna mini a waya. Suna da kyau, ido yana kama su da sauri, ban musa ba. Batir suke ci. Wanda zai tuna ya canza batir ya saya. Wanda ya san halinsa ya bar ƙarfensa a wurin.

Shekarar da aka shafa jan fenti a bangon layinmu na Jarwal, ita ce mummunar shekara. Aka ce za a rushe, aka rushe. Muka kwashe fatu a motar haya. Mu'allim bai yi wata nawa a sabon gida ba ya kwanta, bai tashi ba. Masu kawo aiki suka zo suka tarar da fili, suka koma. Ga kame ya yi zafi, mara takarda ba ya zama wuri ɗaya. Na koma gyaran takalmi a gefen hanya, ina ɗinka wa alhazai bel ɗin harami. Bayan Hajji nakan bi masu shara zuwa Muzdalifa, in tsinci takalman da suka tsinke a turmutsutsu, in haɗa ƙafa da ƙafa in gyara in sayar. A shekarar Asabe ta fara ciwo. Ta ƙi asibiti saboda tsoron a tambaye ta takarda, sai da ya ci ƙarfinta. Muka sallace ta a Harami bayan azahar. Kayan aikin Mu'allim suna cikin buhu a ƙarƙashin gado, bindigar katako na naɗe a tabarma. Ban buɗe ba.

Abu Nayif ne ya tono ni. Ya bi unguwannin Hausawa yana tambaya, ina Takrunin nan da ke auna mutum kamar zai yanka masa likkafani? Ya same ni a bakin masallaci da takalmin wani a cinya. Ya ce, "Tashi. Jikana ya girma, kafaɗarsa ta fi tawa." Baban Mazin ya karɓi wannan shagon da sunansa, na kwance tabarma.

To, wannan ita ce igiyar. Mu koma kan Habu.

Na ce masa, "Ka aiko mini da tsohon kaftaninka, wanda kake zuwa gona da shi. Duk wanda zai zo Umara ka ba shi."

Ya ce, "Yaya, ba sai in faɗa maka tsawona ba? Kamar Baba nake yanzu, har tumbin."

Na ce, "Baba ba shi da tumbi. Aiko da riga. Kana da tocila?"

"Akwai ta waya."

"Ba ita ba. Zan aiko da wata. 'Ya'yanka maza suna fita sintiri?"

"Suna fita."

"To ƙofar da suke dawowa ta ita ɓarawo ke shigowa. Kar ka ɗaga wa kowa bindiga sai ka haska shi. Kuma ka gyara ƙyauren gidan, ya fi bindigar amfani."

Ya ce to. Ya yi ta jan ƙafa, wata ya wuce, wani ya wuce. Sai gab da azumi ya ce Indo za ta zo Umara.

Indo taubashiyata ce, 'yar kawunmu, tare muka yi wasan ƙasa. An sauke su a Jarwal, a wani dogon masauki. Na tsaya a ƙofarsa ina lissafi da ido, na ga kusan a kan shagon Mu'allim aka gina shi. Ta fito da sanda, ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "La ilaha illallahu. Wannan tsohon ne Isa? Ina suka kai maka haƙora?"

Na ce, "Suna wurin da kika bar ƙafarki."

"Shekara talatin a Makka, ko ɗan kumatu babu. Mu da muke cewa kana nan kana cin naman raƙumi."

"Ke da kika zauna gida me kika tara ban da baki?"

Ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Na jira ta. Ta ba ni labarin waɗanda suka mutu, da unguwannin da suka tashi, da gonakin bakin daji da ba a nomawa yanzu. Ta ce tsamiyar ƙofar gidanmu tana nan. Ta ce rijiyar masallaci ta ƙafe an haƙa wata. Na tambayi Habu, ta ce lafiyarsa lau, ta miƙo mini leda da sauri. Daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, da kaftani a naɗe.

A shago na buɗe shi. Shuɗi ne da ya koɗe. Warin hayaƙin kara yake yi, da zufa, da jar ƙasar gonarmu a bakin ƙafa. Na daɗe ban ɗauko zaren awo ba.

Da na shimfiɗa shi a tebur, na fara daga kafaɗa kamar kullum. Kafaɗar hagu ce igiya ta ci, har zare ya fito. Ta dama lafiya lau. Habu ba bahago ba ne, ni na koya masa riƙon fartanya. Na duba aljihu. Bakin na hagu ya yi baƙi, ya yage an ɗinke. Na dama kamar ba a taɓa sa hannu ba tun da daɗewa. Na ɗaga hannun riga na dama. Akwai karyewar ninki a ƙasan gwiwar hannu, ta zauna ta yi fari. A sama, kusa da kafaɗa, ƙananan ramuka ne a jere, da tsatsar fil.

Na rufe shago na koma Jarwal. Na sa aka kira ta.

Na ce, "Indo, ina hannun Habu?"

Ta nemi wuri ta zauna. Ta ce, "Ni ban faɗa ba. Ka shaida ban faɗa ba."

"Ba ki faɗa ba. Yanzu faɗi."

Ta ce damina biyu ke nan. Da rana tsaka 'yan bindiga suka same shi a gona, suka ce ya kwance shanun huɗa. Ya tsaya gardama. Suka harbe shi a hannu suka kora shanun. Kafin a kai shi asibitin birni hannun ya lalace, aka yanke daga ƙasan gwiwa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne kar wanda ya gaya wa Yaya. Ya ce in Yaya ya ji zai miƙa kansa, ya rasa Makka saboda shi.

Na ce, "To me ya sa ya aiko da wannan rigar?"

Ta ce, "Shi sabuwa ya ba ni, dal, ta sallar bara. Matarsa Hansai ce ta biyo ni har bakin mota ta musanya. Ta ce, tsohuwa Yaya ya ce a kai."

Indo ta ce, "Ka yi magana mana. Tun kana yaro haka kake, kamar an toshe tulu."

Na ce, "Yaushe jirginku?"

Ban taɓa yi wa mai hannu ɗaya maratayi ba. Na naɗe hannuna na dama a cikin riga, na ɗaure, na rataya bindigar katako a hagu, na yini da ita kamar ranar farko a shagon Mu'allim. Kun gan ni a ranar, Mazin har ya tambaya ko na karye. Na gane abubuwa. Mai hannu biyu, maratayi hutu ne gare shi. Mai hannu ɗaya, maratayi shi ne ɗayan hannun. Dole ya ratsa ƙirji, ya riƙe nauyin gaba, ya tsaya cif lokacin da dungulmin ya tokare. In ya yi tsawo da faɗin yatsa, bakin bindiga ya faɗi ƙasa. In ya gaza, ba za ta hau kafaɗa ba. Na zaɓi ƙirgin da na daɗe ina ɓoyo. Na faɗaɗa kafaɗa fiye da yadda na saba. Na sa babban ƙarfe wanda yatsu uku za su buɗe. Na ɗinka gidan tocila ta gefen da babban yatsan hagu zai kai. Na sayi tocilar, na jefa ta ƙasa, na kunna, ta kama.

Da na zo kan ramuka na ɗauki mahuji na ajiye. Rigar ta ba ni tsawo da faɗi. Ba ta gaya mini inda hannun ya tsaya daidai ba, ko yadda yake karkata in ya ɗaga, ko yawan ƙarfin da ya rage a dungulmin. Na naɗe maratayin haka nan, ba rami ko ɗaya. Na kai wa Indo. Na ba ta wani ƙaramin ƙulli daban, na ce ta ajiye a ɗakinta, kar ta ba kowa.

Bayan sun sauka Habu ya kira. Kuna nan a benci, kun ji.

"Yaya, saƙo ya iso. Kowa sai ya shafa. Tocilar ma kamar fitilar mota. Sai dai ka yi mantuwa, ba ka huda ba."

"Ban manta ba."

"To in kai wa badukun kasuwa ya fasa?"

"In ya taɓa shi, kai da shi za ku gamu da ni. Ba a hudawa sai a jikin mai shi."

Ina jin kaji a bayansa, da wata yarinya tana kiran akuya.

Ya ce, "Indo ce ko?"

"Kaftaninka ne."

"Hansai," in ji shi. Na ji ya juya yana kiran sunanta, na ji ta amsa daga nesa ta ce ita tana daka. Ya dawo kan waya, muryarsa ta sauka. "Yaya, kar ka yi. Ina noma da hagun, ina cin tuwo da shi, malam ya ce ba laifi. Garin nan ba yadda ka bar shi yake ba. Mutane fita suke nema, kai kana neman shigowa? In ka fito ba ka komawa. Kai da ka ce a Harami za a sallace ka. Asabe fa?"

Na ce, "Asabe ba ta bukatar maratayi."

Can ya ce, "Ɗakin Baba yana yoyo."

Na ce, "Ka sa yara su gyara."

Na gama ayyukan mutane da ke hannuna. Na je wa Abu Nayif sallama, ya tsufa ba ya gani sosai, ya riƙe hannuna ya ƙi saki har shayi ya huce. Na je maƙabarta. Ba a sa suna a kabari a nan, na tsaya daga gefen da nake zato na yi addu'a. Jiya na yi ɗawafi. Bayan sallar Juma'a baban Mazin zai kai ni inda ake miƙa kai.

Wuƙa da basilla da guduma suna cikin buhu, na bar su a shago. Wanda ke so ya ɗauka, wanda ba ya so ya bar wa mai so. Bindigar katako ta kakan Mazin ce, na mayar wa Mazin. Shekaranjiya ya ɗaura mata igiyar shanya ya rataya don ya ba abokansa dariya. Na ce in namiji ne ya bar ta zuwa magariba. Ya bari. Da ya sauke ya ɗaga riga yana duba kafaɗa a gilashin mota.

Ya ce, "Wallah, ya ammi, tana da nauyi."

Na ce, "Gobe ma ka rataya."

Ya duba cikin buhun, ya ce bai ga mahuji ba. Na ce ba zai gani ba. Inda za ni ba sa barin mutum ya shiga da ƙarfe. Mahujin ne ƙullin da na ba Indo. Ya riga ni isa gida.